Tsakuwa a Hoton Ya Bawa

Ranar Litinin da safe Dokta Lois, likitar tiyata, ta turo mana Ya Bawa. Tsohuwa ce doguwa 'yar Barno, lulluɓe da laffaya ruwan toka, ɗanta Ba'ana na biye da ita riƙe da buta da tabarma kamar waɗanda suka zo kwana. Sun fi shekara goma a unguwar Hammadu Kafi, nan Gombe, tun da rikici ya koro su daga garinsu, amma har yau in Ya Bawa tana Hausa sai ka kasa kunne da kyau. Ciwon daji ne a nononta na hagu. Abin da ake so mu gano shi ne ko ya tsaya nan, ko ya riga ya shiga ƙashi.

Ni sunana Odinaka. A Tudun Wada aka haife ni, mahaifina ya sayar da kayan mota a garin nan har ya tsufa ya bar wa yayana shagon. Ni ba likita ba ne, ilimin haske da na'urorin asibiti na karanta, aikina kuma shi ne in kula da na'urar ɗaukar hoto da kwamfutar da ke haɗa hoton. Amma a Gombe duk wanda ya sa farar riga likita ne, na yi ta gyara wa mutane har na gaji na ƙyale su.

Ya Bawa da sharaɗinta ta zo, kuma ta riga ta gaya wa Dokta Lois shi ba tare da kwana-kwana ba. Ranar Juma'a motocin da za su mayar da mutanen garinsu gida za su tashi da rakiyar jami'an tsaro. Ba wanda ya san ranar da za a sake shirya wata tafiyar, ga damina ta matso, hanyar kuwa in ruwa ya sauka yankewa take yi. Ta ce in ciwon bai shiga ƙashi ba, za ta zauna a yi mata aiki, motoci su tafi abinsu. In kuwa ya shiga, kada wanda ya taɓa ta da wuƙa, a bar ta ta je ta mutu a inda aka haife ta. Dokta Lois ma ta yarda cewa yanka tsohuwa mai raunin zuciya bayan ciwo ya bazu wahala ce kawai. Saboda haka kowa ya zuba mana ido, mu kuma muka zuba wa na'ura.

Yadda ake hoton ba wani abin ɓoye ba ne. Ana yi wa mutum allurar wani ruwa mai fitar da haske wanda ido ba ya gani. Ruwan ya bi jini ya je ya zauna a ƙashi, inda ciwo ke ci kuma ya fi taruwa. Sai a kwantar da mutum, na'urar ta riƙa zagaya shi a hankali tana ƙirga ɗigon hasken da ke fitowa daga jikinsa. Halin maganin ɗaya ne mai ban haushi: duk bayan awa shida rabin ƙarfinsa ya tafi, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Daga ƙasar waje ake kawo tukunyarsa, ta biyo mota ta iso mana, mu yi ta tatsa har ta ƙafe, sannan mu zauna jiran wata, wani lokaci wata da watanni. Abin da Sista Hassana ta zuba wa Ya Bawa a jijiya ran nan shi ne tatsar ƙarshe, dama can ba shi da ƙarfin kirki.

Na yi mata bayani da Hausa, Ba'ana ya maimaita mata da Barbarci. Ta zauna a baranda, ta sha ruwa da yawa, kada ta je ko'ina, da an yi azahar za mu kwantar da ita. Ta gyaɗa kai ta ce to. Ba'ana ya ce zai ɗan zaga da kekensa mai ƙafa uku ya ɗauki fasinja kafin lokacin, ni kuma na shiga ciki ina gwada na'ura.

Da na fito kiranta, tabarma na nan, buta na nan, babu Ya Bawa. Sista Hassana ta ce wata mata ce ta zo ta durƙusa ta yi mata raɗa, suka miƙe tare, ita ta ɗauka bayan gida za su. Muka duba bayan gida, muka duba masallacin mata, har wajen masu sayar da kunu a bakin ƙofa na je. Da na kira Ba'ana sai ya ce ai yanzu shi ma ya ji, rasuwa aka yi a Hammadu Kafi, wata 'yar garinsu ce, Ya Bawa ta tafi wankan gawar.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tambaye shi ko a duk faɗin Gombe babu wata mai wankan gawa sai wadda muka ɗura wa maganinmu na ƙarshe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce akwai su da yawa, amma matan garinsu ba sa bari baƙon hannu ya wanke tasu, kuma tun da suka zo garin nan Ya Bawa ce ke yi wa kowa. Wadda ta rasun ma a ƙafa suka gudo tare. Na ce to ta gama ta hau keke ta dawo, yanzu-yanzu. Ya ce mai wanka ba ta barin gida sai an fita da gawa, gawar kuma ana jiran ɗan marigayiyar ya iso daga Bajoga, sai bayan la'asar. Bayan nan sai ta yi nata wankan. Na tsaya riƙe da waya ina lissafin abin da ke zubewa a jikinta, ba abin da zan iya yi a kai.

Lokacin da ta dawo an riga an yanke mana wutar janareto an mayar da ita ɗakin tiyata, kamar yadda ake yi kullum da yamma. Sai washegari da safe muka kwantar da ita. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kuma ga dalilin bayarwa ba. Gaishe ni ta yi doguwar gaisuwa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Jiya na bar ka da jira, ɗana. Ita waccan ba ta iya jira." Na so in gaya mata cewa maganin ma haka yake, amma na haɗiye.

Na yi niyyar barin ta a kan gadon na'ura ninkin lokacin da aka saba, ko ma tsinci ɗan abin da ya rage. Bayanta bai yarda ba. Ta daure iya daurewa, sannan ta fara tari tana motsi, dole muka sauke ta. Hasken da muka samu bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya kamata ba.

Abin da na'ura ke bayarwa ba hoto ba ne tukuna, tarin ƙidaya ne daga kusurwoyi daban-daban, kwamfuta ce ke haɗa shi ya zama jikin mutum. In hasken ya yi yawa, kowace hanya aka bi hoton zai fito. In ya yi kaɗan, sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigon da ba na jikin mutum ba ne, sa'a ce kawai ta sa haske ya faɗo nan bai faɗo can ba. Mu a ɗakinmu tsakuwa muke ce musu, don haka suke kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Ɗigon tsakuwa da ɗan ƙaramin ciwo kuwa kamanninsu ɗaya.

Akwai wata hanya da na koya a makaranta wadda ta fi kowace kyau ga irin wannan hoton. Kwamfuta ta gina jikin mutum na ƙarya a cikinta, ta riƙa sakin ɗigon haske na ƙarya a ciki ɗaya bayan ɗaya, tana bin kowanne ta ga wanda nama ya shanye, wanda ya bugi ƙashi ya kauce hanya, da wanda ya isa idon na'ura. Sai ta gwada abin da ta samu da abin da aka auna a jikin mutum na gaske, ta gyara hoton, ta sake zagayowa. Haka za ta yi ta yi har su yi daidai. Sai dai ita ma kwaikwayon da tata tsakuwar take zuwa. In na ce ta saki ɗigo kaɗan, za ta gama da wuri, amma ta ƙara tata tsakuwar a kan wadda ke nan. In na ce ta saki miliyoyi masu yawa, tata tsakuwar za ta kwanta, amma sai ta ɗauki kwanaki. Kuma don tsakuwar ta ragu da rabi, sai an ninka aikin sau huɗu. Kwamfutarmu ɗaya ce, tsohuwa, kyautar wasu da suka gama cin moriyarta, in ta ɗauki zafi fankarta kamar injin markaɗe.

Na fara da gajeren lissafi don in ga inda muka dosa. Kafin la'asar ya fito. Haƙarƙari ya fito, ƙugu ya fito, duk a cikin yayyafin tsakuwa. Can ƙasan ƙashin baya, ɗan gefen dama, ga wani ɗigo ya fi 'yan'uwansa haske. Na sake gajeren lissafin da wani zubin ɗigon ƙarya na dabam, ina fatan in ɗigon na kwamfuta ne zai ɓace ko ya koma wani wuri. Ya ɗan matsa, ya ɗan dushe, amma bai tafi ba. Na sa kwamfuta ta lailaye hoton don ya yi laushi, ɗigon ya ɓace, amma tare da shi rabin gaɓoɓin bayan ma suka narke suka zama abu ɗaya. Ko ciwon gaske ne haka zai ɓace.

Dokta Lois ta sauko ta tsaya a bayana, ta cire gilashi ta mayar. Mace ce da ba ta son dogon turanci. Ta tambaye ni ciwo ne ko ba ciwo ba ne, na ce ban sani ba. Ta ce hoton baya na yau da kullum da aka yi bai nuna komai ba, amma shi sai abu ya girma yake gani, babbar na'urar da za ta raba gardama kuma ni ma na san tun yaushe take kwance. Ta tambayi abin da nake bukata. Na ce lokaci da wuta. Ta ce waɗannan biyun ba ta da su a aljihu, ta fita.

Da yammar Talata na saki dogon lissafin. Na yi duk dabarar da na sani don in rage masa kaya. Na yanke hoton na bar ƙasan baya kaɗai, na hana shi ɓata lokaci a kan ɗigon da tun farko ba zai isa idon na'ura ba, na sa ya riƙa lissafin hasken da ya kauce hanya jefi-jefi maimakon kowane zagaye. Na je shagon yayana Onyebuchi na kwaso batiran da yake kunna fanka da su, yana ta mita wai ni da na yi boko har yanzu ban daina ɗaukar masa kaya ba. Da duk wannan, lissafina ya nuna in komai ya tafi daidai zai gama ranar Alhamis da yamma. Na ji ɗan sanyi a raina, har na ci abinci.

Da safiyar Laraba na tarar da kwamfutar a kashe. Batiran sun yi iya yinsu sun mutu kafin gari ya waye, wutar gari kuma ba ta leƙo ba. Abin da ta adana kafin ta mutu bai taka kara ya karya ba. Na zauna na dafe kai. Babu wanda zan yi wa faɗa, shi ya fi ci mini rai. Mai janareto umarni yake bi, ɗakin tiyata ya fi ni bukatar wuta, batir kuma batir ne. Na samu aka ja mini wayar wuta daga ɗakin ajiyar jini, inda wuta ba ta yankewa, bayan na yi roƙon da ban taɓa yi wa kowa ba. Amma yanzu dogon lissafin ba zai gama ba sai bayan motocin Juma'a sun tashi.

Nan na tsaya tsakanin abu biyu. Ko in yi matsakaicin lissafi wanda zai gama kafin motoci su tashi, ya fito da tsakuwar da ta ɗan fi ta jiya sauƙi, wataƙila kuma ya bar ni inda nake. Ko in saki dogon, wanda in akwai amsa shi ne zai ba da ita, amma bayan mai amsar ta tafi. Kwamfutar ba ta iya ɗaukar biyun tare. Kuma can ƙasan raina na san wani abu da ban gaya wa kowa ba: dogon lissafi tsakuwar kwamfuta kaɗai yake kwashewa, wadda ta shigo tun daga jikin Ya Bawa saboda ƙarancin haske tana nan daram ko shekara zan ba shi. Na saki matsakaicin.

Ba'ana ya shigo da rana, ya ajiye kekensa a inuwa, ya zauna a kujerar da ke gefena yana kallon lambobi suna hawa a allo kamar zai gane wani abu. Ba mutum ne mai yawan magana ba. Ya ce Ya Bawa ta riga ta ɗaure kayanta, ta rarraba tukwanenta ga maƙwabta. Ya ce a garinsu babu asibiti yanzu, ginin ne kawai ba rufi. Sannan ya matso.

"Likita, ka ce mata babu komai. In akwai, ni na ɗauki alhakin."

Na ce masa ba zan iya ba. In na faɗa, ta zauna, aka yanka ta, ashe ciwon na cikin ƙashi, to na raba ta da garinsu na kuma ƙara mata wahala, ta mutu a ɗakin haya a Hammadu Kafi da ɗinki a ƙirji. Ya ce in kuma babu fa, ta tafi ta mutu a banza? Gaskiya na so in yi masa abin da ya roƙa, na so ƙwarai. Ya miƙe ya yi mini sannu da aiki ya tafi.

Matsakaicin ya fito ranar Alhamis da hantsi. Ya fi na farko kyau, ba laifi. Gaɓoɓin baya sun rabu, ana iya ƙirga su. Ɗigon yana nan, ya rage haske, ya ɗan baje. In ka kalle shi kana tsoro, ciwo ne. In ka kalle shi kana fata, tsakuwa ce. Na auna haskensa na gwada da na kewayensa, lambar ta faɗo daidai wurin da ba ta da amfani ga kowa. Nan take na saki dogon lissafin, wannan karon cikakke ban rage masa kaya ba, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Ya Bawa da kanta ta shigo ɗakin kwamfuta da azahar, abin da marasa lafiya ba sa yi. Ta cire takalmanta a bakin ƙofa, Ba'ana da Dokta Lois suna bayanta. Ta ce a nuna mata. Na juya mata allon na nuna ƙashin bayanta, na sa yatsa a kan ɗigon. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko shi ne. Na ce ko shi ne, ko kuma datti ne na hoto, na'urar tana kan tacewa. Ta tambayi yaushe za ta gama. Na ce sai wajen Lahadi ko Litinin, kuma ko ta gama ba lallai ne ta raba gardamar ba. Ba'ana ya fassara, na kuma lura bai fassara rabin na ƙarshen ba, amma ta riga ta ji da kunnenta.

Dokta Lois ta durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Ta ce, "Mama, ki zauna. Ko da wannan hoton zan yi miki aikin. Na fi zaton babu komai a ƙashin."

Ya Bawa ta dafa kafaɗarta. "Zato kike yi, 'yata. Shi ma wannan zato yake yi. Ba za a yanka ni a kan wataƙila ba, mota kuma gobe ce."

Ta juyo gare ni ta ce kada in sa abin a raina, ta ga na rame a 'yan kwanakin nan. Ta sa mini albarka, ta sa wa Dokta Lois, ta saka takalmanta. Ina da abubuwa da yawa a baki, yadda lambobi suke, yadda kashi kaza cikin ɗari yake, amma babu ko ɗaya da zai zama i ko a'a. Na raka su har baranda na dawo.

Da safiyar Juma'a Ba'ana ya kira ni daga tasha. Ya ce ya bar kekensa a hannun wani abokinsa, zai raka ta ya ga ta zauna. Ya ce a can waya ba ta shiga sai mutum ya hau wani tudu kusa da inda sojoji suke, in ya samu dama zai neme ni. A bayansa ina jin hayaniyar mata da kukan yara da ƙarar injin mota.

Na bar lissafin yana tafiya. Sista Hassana ta tambaye ni amfanin me, tunda mai hoton ta tafi, na ce mata ban sani ba, kada dai wanda ya taɓa wayar wutar. Babu wani aiki a ɗakinmu dama, magani ya ƙare. Kullum sai in zo in zauna ina jin fankar tana gurnani, in kalli lambar zagaye ta ƙaru da ɗaya, in koma gida. Ranar Lahadi daga coci na wuce asibiti da kayan cocina, bai gama ba.

Ranar Litinin ya gama. Na daɗe ban buɗe ba, na share tebur, na wanke kofi, sannan na zauna. Hoton ya fito sumul irin yadda ban yi tsammani ba. Ɗigon ya rabu biyu, ya kwanta a gefen gaɓa ta dama da ta hagu, daidai inda ƙashin tsofaffi ke gogar juna. Tsakiyar ƙashin, inda ciwon daji ya saba zama, babu komai. Ashe yawancin hasken da ya tsorata mu tsakuwar kwamfutar ce ta taru a kan ciwon tsufa. Ba zan rantse a kansa ba, hoton da aka yi da ragowar magani ba a rantsuwa a kansa, amma da shi na gani ranar Alhamis da na ce mata babu, da bakina, ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Dokta Lois ta kalla, ta cire gilashi ta riƙe a hannu. Ta ce ƙullun da ke nonon yanzu ana iya cire shi, nan da wasu watanni kuwa ba ta sani ba. Ta ce in nemo su.

Na kira lambar Ba'ana, a kashe. Na tura saƙo, bai shiga ba. Na je Hammadu Kafi na nemi ragowar mutanen garinsu, wani tsoho mai sayar da hula ya ba ni lambar ƙaninsa da ya bi motocin, ita ma ba ta shiga. Na kira da safe, na kira da rana, har abin ya zame mini jiki, ina cin abinci ina danna waya. A cikin makon aka yi ruwan farko a Gombe, mai ƙarfi, har ya cika kwatocin Tudun Wada. Kowa na murna an samu sanyi, ni kuwa hanyar garinsu nake tunani.

Sai wata rana da hantsi, ina tsaye a shagon yayana na mayar masa da batiransa, wayata ta yi ƙara. Ba'ana ne. Muryarsa na zuwa tana yankewa, iska na kaɗawa a bayansa. Ya ce sun hau tudun ne da Ya Bawa da wasu mata, kowa na son kiran nasa, ga ta. Kafin in ce ya tsaya in fara yi masa bayani, ya riga ya miƙa mata.

Ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi Dokta Lois. Ina ta amsawa da sauri-sauri don kada layin ya yanke. Sannan ta ce, "Na'urar taka ta gama?"

"Ta gama, Mama. Ƙashinki lafiya lau, ciwon bai shiga ba. Amma ki saurara..."

Ba ta saurara ba. Na ji ta ɗauke wayar daga kunne tana gaya wa matan da Barbarci, muryarta ta tashi irin yadda ban taɓa ji ba. Wata ta rangaɗa guɗa, saura suka karɓa. Na toshe ɗaya kunnen na fita bakin titi ina ɗaga murya, ina cewa ciwon nonon yana nan, wannan yana nufin a yi aiki ne, sai ta dawo, ta dawo da wuri. Masu wucewa suna kallona. Ba wanda ke jina a can.

Can sai muryar Ba'ana ta dawo, ƙasa-ƙasa, kamar ya juya musu baya.

"Na ji ka, Likita. Na gane. Ruwa ya cinye hanyar tun shekaranjiya, ba mota sai bayan damina." Ya ja numfashi. "Ka bar ta ta yi murnarta."

Bai kashe wayar ba, ni ma ban kashe ba. Na tsaya a bakin titin ina jin guɗar matan, da dariyar Ya Bawa a cikinsu, har layin ya yanke.